Wasan Bankwanan Garikai Mhembere

Chenjerai Mutizwa bai taɓa ɗaukar masu bugu a matsayin cikakkun 'yan wasa ba. A wurinsa kurket, wasan da ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya ke bugun ta da sanda, aikin mai jifa ne. Shi ke gudu, shi ke zufa, shi bayansa ke tsinkewa. Mai bugu kuwa sai ya tsaya kamar ango, an naɗe masa ƙafafu da katifa, an kifa masa kwano a ka, yana jira a kawo masa ƙwallo har gabansa. Shi kansa Chenjerai ya daɗe yana yi wa ƙungiyar Mbada ta Mutare jifa mai zafi, har ranar da ƙashin bayansa ya ce ya gaji. Ya kwashi takalmansa ya tafi gida. Ba wanda ya tafa masa, ba wanda ya raka shi ko bakin ƙofa.

Yanzu shi ne shugaban kwamitin zaɓen 'yan wasan ƙungiyar, kuma duk cikin masu bugun da ya raina babu kamar Garikai Mhembere.

Garikai ya haura arba'in. Tumbinsa kan riga shi shiga fili. A da can ya iya wasa, wannan ko Chenjerai ba ya musu, sai dai ya taɓe baki. Ya taɓa sa rigar ƙasa 'yan lokuta, kuma akwai wata rana da ya ci wa Mbada maki ɗari da ɗoriya a kan wasu baƙi da suka zo daga ƙetare. Tun daga ranar ya zama ɗan lelen gari. Amma wasan yini ɗaya ba ya jiran kowa: zagaye hamsin ake ba ku, kowane zagaye jifa shida, in kun ɓata su kun ɓata. Garikai kuwa ya mai da ɓata su sana'a. A jefo masa ƙwallo, ya tare ta a hankali ta faɗi gaban ƙafarsa, ya tsaya yana kallonta kamar kaza ta yi masa ƙwai.

Wata Lahadi bayan an tashi daga coci kwamitin ya zauna a wurin gashin nama a unguwar Dangamvura. Su uku ne. Akwai Chenjerai, akwai Sekuru Mandaza, tsohon shugaban makarantar firamare wanda shi ya fara danƙa wa Garikai sandar bugu yana yaro, sai kocin ƙungiyar, Bheki Sibanda, mutumin Bulawayo, wanda bai taɓa riƙe ra'ayi ɗaya ya kai shi gida ba.

"Sekuru, ni fa ba gaba nake da shi ba," in ji Chenjerai, yana mulmula sadza, tuwon masararsu, a tafin hannu. "Tausayinsa nake ji. Jiya ya sunkuya zai ɗauki ƙwallo, na ɗauka addu'a zai fara."

"Kai ka taɓa cin maki ɗari?" in ji tsohon. "Ko a tattara duk wasannin rayuwarka a zuba a kwano ɗaya?"

"Ba aikina ba ne. Aikina in fitar da irinsa."

"Ranar da ya yi wa baƙin nan ɗari..."

"Sekuru, don Allah. Waɗanda ya buga wa ɗarin nan yanzu jikoki suke goyo. Kuma kowa a Mutare sai ya ce maka yana filin ranar. Da duk masu faɗin haka sun je, da benci ya karye da su."

"Ni dai ina nan."

"Na sani. Kai da shi kuka rage."

Sekuru Mandaza ya ajiye ƙashin da yake gwigwiya. Ya ce yaran yanzu ba bugu suke yi ba, sussuka suke yi. Su rufe ido su kai duka, in ta dace ta tsallake igiyar da ta kewaye fili a ci maki da yawa, in ba ta dace ba su dawo su zauna suna danna waya. Ya ce kowace ƙungiya tana buƙatar mutum ɗaya mai nauyi wanda ba ya zubar da turakunsa, 'yan sandunan da mai bugu ke karewa don in an buge su ya fita, wanda zai riƙe gefe ɗaya sauran su yi ta haukarsu a ɗaya gefen.

"Gaskiyarka, Sekuru," in ji Bheki.

"Riƙe gefe ɗaya?" Chenjerai ya yi dariya. "Ai in riƙe gefe ake so, mu kafa turken akuya mu sa masa hula. Shi aƙalla ba zai ci abincin rana na mutum uku ba. Mutum ya sha jifa tamanin ya kawo maki talatin, ku ce nauyi? Ga Tino Chikwanha can, yaro ɗan ashirin, hannunsa kamar tsawa, muna ta jan sa ƙasa don tsoho ya samu wurin jingina."

"Wannan ma gaskiya ne, Mukoma," in ji Bheki, wato yaya a harshen garin.

"Ba a korar irin Garikai," in ji Sekuru. "Shi zai san ranarsa."

"Ranarsa ta zo ta same shi, ta zauna ta jira, ta gaji ta koma. Irinsa ba sa sanin rana. Sai an ɗauke su kamar kujera."

Aka kaɗa ƙuri'a. Bheki ya bi Chenjerai, don shi ya yi magana ƙarshe. Sekuru ya wanke hannu, ya ɗauki hularsa, ya ce tunda Chenjerai ne mai baki, shi zai je ya faɗa wa mutumin a fuskarsa.

Chenjerai bai ƙi ba. Hasali ma ya daɗe yana shirya kalmomin.

Ya samu Garikai a gidansa a unguwar Chikanga, zaune ƙarƙashin bishiyar piya, ya miƙe ƙafa ɗaya a kan bokiti, yana shafa wa sandarsa mai da tsumma kamar mai yi wa jariri wanka. Matarsa, Mai Rudo, wato uwar Rudo, ta tafa hannu ta gaishe da baƙo, ta kawo shayi da dafaffen dankali.

"Mukoma Chenjerai!" in ji Garikai, bai ko yunƙura ba. "Da wannan bayan naka ka tako har nan? A kawo maka filo?"

"Baba Rudo, magana ce ta kawo ni."

"Na sani. Kun zauna a kan naman mutane kun yanka ni. Bheki ya riga ya kira ni yana ba ni haƙuri, ya ce kai ka matsa masa."

Chenjerai ya haɗiye wannan tare da shayi. Ya ce ƙungiya na gode masa, amma lokaci ya yi. Ya ce gara mutum ya sauka da ƙafarsa ana tafi, da a sauke shi ana dariya.

"Kai da wanne aka sauke ka?" Garikai ya tambaya, yana duba gefen sandar. "Na manta. Ai ba na jin an lura ma. Ka san abin da nake tunawa da jifarka? Ƙwallonka ta fi sanin hanyar igiya fiye da hanyar turaku. Ni nake zuwa daga baya in biya abin da ka zubar."

"Wancan zamani ne. Yau fa? Ko gudu biyu a jere ba ka iya yi."

"Wanda ya iya bugu ba ya buƙatar gudu."

"To ai bugun ma babu. Muciya kake riƙewa. Mai Rudo ta fi ka amfani da ita."

Daga ƙofar kicin Mai Rudo ta ce, "Mukoma, don Allah ku sallame shi. Na gaji da gasa gwiwa da ruwan zafi. Gidan nan kullum warin man zafi, ko baƙi ba na iya kira."

Garikai ya harare ta. Da ya buɗe baki sai ga sharaɗi. Zai ajiye, amma a gida, gaban mutanensa, a wasan ƙarshe na kakar wasannin, wanda za su yi da Nyati ta Kwekwe. A sanar a rediyo. A yi masa layin girmamawa. Kuma a bar shi a gurbinsa na huɗu a jerin masu bugu.

Chenjerai ya yarda nan take. A ransa ya ce, ko ganga yake so a kaɗa masa, in dai zai tafi.

Ranar wasan filin ya cika irin cikar da aka daɗe ba a gani ba. An kafa rumfa, an kawo 'yan makaranta masu waƙa, ƙungiyar magoya baya ta ɗaure wata jar karsana a bayan ɗakin 'yan wasa, da ƙyalle a wuyanta, kyautar bankwana. Chenjerai ya zauna a baranda cikin kwat, yana kallon mutanen da tun shekaru suke tare shi a kasuwa suna cewa ya cire musu tsohon nan, yau ga su da kwali an rubuta sunan Garikai, wasu har da share hawaye. Ya yi tsaki.

Nyati suka fara bugu, suka tara abin da ya kai ɗari biyu da hamsin. Ba abin tsoro ba ne a fili mai kyau irin na ranar. Da Mbada suka shiga, Tino Chikwanha ya kama masu jifan Kwekwe kamar ya same su suna sata. Nan huɗu, can shida, har wata ya aika kan rufin kwanon rumfa, mata suka watse suna ihu. Mutum biyu sun fita a ɗaya gefen, amma ba wanda ya damu. Sai Garikai ya fito.

'Yan Nyati suka yi layi biyu suna tafi. Ya ratsa tsakaninsu a hankali, yana gyaɗa kai dama da hagu kamar mai duba sojoji. Ya isa, ya nemi alƙalin wasa ya daidaita masa tsayuwa, ya share ƙasa da takalmi, ya gyara safar hannu, ya dubi sama. Aka jefo. Ya tare. Aka sake jefowa. Ya tare. Zagayen ya ƙare ba ko maki ɗaya, jama'a suka tafa, wai tsohon hannu ne, yana karanta fili.

Bayan rabin sa'a yana nan yana karatu.

Tino ya fara huci a ɗaya gefen. Da ƙyar ƙwallo ke zuwa gabansa, don tsohon kan cinye jifa biyar ya ɗauki maki ɗaya a ta shida, ya sake komawa gaban mai jifa. Da yaron ya samu dama, sai ya tura ƙwallo wani gurbi da babu kowa, ya yi kira, "Zo, Mukoma!" ya zuba a guje. Maki ɗaya ne mai sauƙi, su biyun su ruga su sauya gefe kawai, ko mai ciki za ta kai. Garikai ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya auna nisan da ido, ya mayar da ƙafar, ya jingina da sandarsa. Ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, ɗana." Lokacin Tino ya kusa taɓa shi. Ya juya zai koma, kafin ya kai an tarwatsa turakunsa.

Filin ya fashe da ihu.

"Tsoho, ka kashe mu!"

"A kawo masa kujera da bargo!"

"A kwance saniyar nan a mayar wa mai ita!"

Masu kwalin ɗazu suka naɗe shi suka zauna a kai. Chenjerai ya waiga ya dubi Sekuru Mandaza. Tsohon ya ƙura wa takalminsa ido. Bheki kuwa ya matso ya raɗa, "Ai na faɗa, Mukoma. Tun ranar na faɗa."

Sauran yaran suka yi ta shigowa suna kai duka ido rufe, don abin da ake nema ya yi nisa, suna fita ɗaya bayan ɗaya. Garikai yana nan daram. A zagayen ƙarshe Mbada na neman fiye da arba'in, abin da ba ya yiwuwa, shi kuma yana neman uku ya cika hamsin. Mai jifan Kwekwe, ko don tausayi ko don yunwa, ya lallaɓo masa wata mai laushi. Ya buga ta tafi har igiya. Sai mutumin nan ya cire kwanon kansa, ya ɗaga sanda gabas, ya ɗaga yamma, ya sumbaci tambarin rigarsa, ana ihu ana jifo ɓawon ayaba. An cinye su, shi yana murna.

Duk da haka aka yi bikin, tunda an riga an biya masu lasifika. Aka jawo karsana aka danƙa masa igiyar. Aka miƙa masa makirfo. Chenjerai ya tsaya a gefe, ya haɗa hannu a baya, yana jin wani sanyi a ransa. Saura kalma biyu ya huta.

"Jama'ar Mutare," in ji Garikai, "na shigo filin nan da safe da niyyar ajiye sanda. Na rantse da niyyar na zo. Amma kun gani da idonku. Kowa ya faɗi, ni ina tsaye. Hamsin, ba a fitar da ni ba. Jikina ya yi mini magana yau, ya ce Garikai, akwai saura. Wa zai bar yaran nan a wannan hali ya tafi gida? Sai mun haɗu kaka mai zuwa."

Ya mayar da makirfo, ya ja karsanarsa ya nufi ƙofa. Mai Rudo ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

Washegari Chenjerai ya cire sunan Garikai daga ƙungiyar, ba zama ba shawara. Ya gaya wa ɗan jaridar da ya kira shi cewa Mhembere yana da 'yancin ci gaba da wasa, a tsakar gidansa. Gari ya yaba masa. Har wani direban kombi, ƙaramar bas ta haya, ya ƙi karɓar kuɗin motarsa.

Garikai bai yi gardama ba. Ya kwashi jakarsa ya tafi Kwekwe, inda Nyati ke fama da yara zalla suna neman babba a tsakiya. Chenjerai da ya ji labari ya yi dariya har bayansa ya motsa. Ya ce Allah ya ba su haƙuri da babbar tukunya.

Kakar wasa ta zagayo, Nyati suka dawo Mutare a tsakiyar damina. An kwana ana ruwa, filin ya jiƙe, wurin jifa ya yi laushi a wani gefe ya yi tauri a wani. Ƙwallo ta zama mahaukaciya: wata ta tashi zuwa haƙarƙari, wata ta bi ƙasa kamar ɓera. Mbada suka fara bugu. Yaran Chenjerai, masu hannu kamar tsawa, suka shiga da irin dukan da suka saba. Tino ya kai wa ta biyu hannu, ta tashi sama ta sauko a tafin wani ɗan Nyati, ya fita. Na bayansa haka. Kafin a sauke tukunyar rana an tattara su duka, ko ɗari da ashirin ba su kai ba.

Nyati ma suka fara zubewa. Mutum uku suka fita tun ba a je ko'ina ba, jama'a suka farfaɗo. Sai ga Garikai cikin rigar Kwekwe, wadda ta matse shi kamar an ɗura shi a ciki. Aka yi masa ihu. Ya share ƙasa da takalmi, ya gyara safar hannu.

Abin da ya yi ranar babu kyan gani. Ƙwallo ta same shi a haƙarƙari, ta same shi a dantse, ta buge kwanon kansa har ya karkace. Ya tofar da yawu ya sake tsayawa. Wadda ta nufo turaku ya tare, wadda ta kauce ya ɗaga sanda ya bar ta ta wuce. Nan maki ɗaya, can bayan an manta maki ɗaya. Ba gaggawa, don abin da ake nema kaɗan ne, zagaye kuma ga su nan birjik. Abokan bugunsa suna zuwa suna tafiya. Rana ta karkata, masu jifan Mbada suka gaji, shi yana nan. Da la'asar sakaliya ya tura wata ƙwallo ta gefen sanda, ba ma da niyya ba, ta silale tsakanin mutum biyu, wasa ya ƙare. Nyati sun ci, saura mutum biyu a fitar da su duka.

Sai jama'a suka juyo baranda.

"Mutizwa! Ka sayar mana da uba!"

"Mai baƙin ciki! Don kai ba a yi maka biki ba!"

"Ku dawo mana da Mhembere!"

Chenjerai ya gane fuskokin. Ga wanda ya ce a kawo bargo. Ga direban kombin nan, jijiyar wuyansa a miƙe. A ƙasan baranda Bheki na gaya wa ɗan jarida cewa shi tun farko ya yi gargaɗi, amma koci ba shi da ƙarfi a kwamiti. Sekuru Mandaza kuwa ya zo ya tsaya kusa da Chenjerai yana fito a hankali, abin da ya fi zagi ciwo.

"Fili ya lalace, ya dace da ɗan wasan da ya lalace," in ji Chenjerai. "Shi ke nan abin da ya faru. Ku kai shi busasshen fili gobe ku gani."

Ba wanda ya saurare shi. A babban taron shekara aka sauke shi, aka ba Bheki kujerar. Bai roƙi kowa ba. Ya koma zama a bencin jama'a, can ƙarshen da ba inuwa, inda zai yi tsakinsa ba mai tanka masa.

Garikai kuma ya ƙara kaka ɗaya a Kwekwe, ya ci musu wasa ɗaya ya kashe musu biyar, har su ma suka fara zaman gashin nama a kansa. Ba su kai ga yanke hukunci ba. Wata safiya yana saukowa daga kombi gwiwarsa ta yi ƙara ta naɗe, aka kwashe shi zuwa asibiti, likita ya gama maganar da kwamiti biyu suka kasa gamawa.

Wata Asabar Chenjerai na zaune a bencinsa sai ya ji ana cewa, "Matsa, Mukoma, ƙafar nan ba ta lanƙwasuwa." Garikai ne, da sandar dogarawa. Benci duk babu kowa, amma nan ya ga dama. Ya zauna da nishi, ya buɗe ledar gyaɗa, bai miƙa ba.

A fili Tino, wanda yanzu shi ne kyaftin, ya kai wa wata ƙwallo duka ya kuskure.

"Dubi ƙafarsa," in ji Garikai. "Kamar mai tsallake kwata. Wannan ne ka kore ni dominsa?"

"Ko da ƙafa ɗaya ya fi ka."

"Da ni ne, da na tare ta."

"Na sani," in ji Chenjerai. "Da har yanzu kana tare ta, mu kuma muna nan muna tsufa."

Ya ɗan ja jikinsa gefe don kada kafaɗarsu ta haɗu, ya mai da idonsa fili.